Hoton da Ruwa Ya Ɓata a Ɗakin Mahaifiyata

Shekarun baya, a farkon wata damina, iska ta yaye kwanon ɗakin mahaifiyata a gidanmu na unguwar Yalwawa, a Dutse. Da la'asar ne, ina dawowa daga aiki ke nan. A lokacin ta riga ta kwanta ciwon shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya tashi da kanta, saboda haka ni da matata muka ciccibe ta zuwa ɗayan ɗakin. Kafin mu koma kan kaya ruwa ya gama da su. Katifa ta jiƙe, zannuwanta sun jiƙe, har garin kunun da take ajiyewa a ƙarƙashin gado ya dame kansa. Duk ba ta tambayi ko ɗaya ba. Da bakinta da ya karkace, a hankali, abin da ta tambaya shi ne hoton da ke jikin bango.

Hoton tsoho ne, baƙi-da-fari, a cikin firam na katako, faɗinsa bai wuce littafin makaranta ba. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Wata siririyar hanya ce ta taso daga ƙasa ta gefen hagu, ta lanƙwasa ta nufi wata babbar tsamiya, bayan tsamiyar kuma ana hango kawunan ɗakunan ciyawa. Duk wannan a ɗan ƙasan hoton yake. Sauran kuwa sama ce, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, irin wanda in manomi ya gani yake fara sauri. Ƙauyensu ne, can bayan Aujara, inda aka haife ta. Yayanta ne ya ɗauka, wato kawuna, wanda ya yi sana'ar hoto a zamanin ƙuruciyarsa.

Tun ina yaro nake ganinsa, kuma in faɗa muku gaskiya ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. A gidajen abokaina hoton Ka'aba ake ratayewa, ko na maigida da babbar riga. Mu kuwa hanya da bishiya. Amma ita kullum in ta idar da sallar asuba tana lazimi, fuskarta can take kallo. Bayan ta kwanta ciwo ma sai da ta sa muka juya mata gado don ta riƙa ganinsa ba tare da ta wahalar da wuyanta ba.

Da na ɗauko shi ruwa ya shiga tsakanin gilashi da takarda. Na yi garaje na buɗe don ya sha iska, sai fuskar hoton ta biyo gilashin. Tsamiyar ta tafi, rabin hadarin ya zama wani dabbare-dabbare ruwan ƙasa. Na kai mata haka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in ajiye, Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Ba ta yi kuka ba. Sai dai daga ranar cin abincinta ya ragu, hirar da take ɗan yi da jikokinta ma ta daina. In na shiga sai in tarar ta zuba wa bango ido, inda babu komai sai ƙusa.

Ni kuma a lokacin na sayi sabuwar waya mai kyamara mai kyau, ina ji da kaina, har abokai suna cewa na iya ɗaukar hoto. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ranar Asabar zan je har ƙauyen in ɗauko mata wanda ya fi wancan, mai kala ma kuwa. Ta dube ni kawai.

Na je. Na hau mota zuwa Aujara, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Na isa rana tana tsaka, na tsaya a bakin gari na yi ta ɗauka: gonaki da shuka ta fara tsirowa, masallaci, rijiyar burtsatse, awaki, gidajen kwano. Na dawo Dutse na kai shago aka wanke mini mafi kyau a cikinsu, babba, aka sa a firam mai ruwan zinare. Na shiga da shi ina murmushi kamar wanda ya ciyo kofi.

Ta karɓa da hannunta mai lafiya, ta kusantar da shi, ta nisantar. Ta yi mini godiya, ta sa mini albarka. Sannan ta tambaye ni wane gari ne wannan.

Na ce, "Umma, garinku ne mana."

Ta ce, "To. Ya yi kyau." Ta miƙo mini.

Matata ce ta cece ni daga tsayuwar da na yi riƙe da firam kamar mai talla. Da muka fito ta ce in daina wahalar da kaina, in je wurin wanda ya ɗauki na farko, wataƙila yana da wani a ajiye.

Kawu a lokacin yana Kafin Hausa, a gidan babban ɗansa. Idanunsa sun yi yana, ba ya ganin komai sai haske da inuwa. Shi ba ya iya tafiya shi kaɗai, ita ba ta iya tashi, sai ya zamana sun daɗe rabonsu da juna, sai gaisuwa ta waya, ita ma gajeriya, don maganarta ba ta fita sosai. Na same shi a zaure a kan tabarma da rediyonsa. Bayan mun gaisa na ba shi labari. Ya ce babu wani a ajiye. Fina-finan kyamarar da ake wanke hoton daga jikinsu duk gara ta cinye su tun shekarar da ya rufe shago, kyamarar ma yara sun mayar da ita abin wasa. Da na ba shi labarin nawa hoton da tambayar da ta yi mini, ya yi dariya har da tari. Ya tambaye ni da wane lokaci na ɗauka, na ce da azahar. Ya tambaya a tsaye nake ko a durƙushe, na ce a tsaye mana. Ya ce to ai shi ke nan, na ɗauko mata garin da kowa yake gani in ya sauka daga babur.

A nan ya ba ni labarin yadda ya fara. A Kano ya koyi hoto, wurin wani dattijo mai kyamarar akwati, irin wadda ake lulluɓa da baƙin ƙyalle. Aikinsu na yau da kullum hoton fasfo ne da na 'yan sallah. Amma dattijon yana da wasu tsofaffin hotuna a cikin gwangwani, na ganuwa da duwatsu da bakin kogi, waɗanda aka ɗauka tun kafin a haifi Kawu. Ya ce in babu aiki sai ya zauna yana jujjuya su, yana mamakin yadda dutse ɗaya zai fito a wani hoton kamar yana yi maka maraba, a wani kuma kamar yana korarka, alhali dutsen bai motsa ba. Daga baya ya gane mai ɗaukar ne ya motsa. Da ya dawo Dutse ya buɗe nasa shagon, duk fim ɗin da ya rage masa sai ya hau duwatsu ya ƙarar da shi a kan dabino da fadama. Mutane suna yi masa dariya, wai yana ɗaukar hoton abin da ba zai ce a wanke masa ba.

Ina shirin yin sallama sai ya ce, "Gobe ka zo da mota. Ka kai ni wurin."

Ɗansa bai so ba, ni ma na ji tsoro, amma Kawu ba a ja da shi. Washegari na aro motar abokina, muka kama hanya bayan azahar, don ya ce kada mu isa da wuri. Yana gaba kusa da ni, ya sauke gilashi, yana shaƙar iska yana gaya mini inda muke. Wani wurin ya dace, wani wurin ya kuskure da nisa, ni kuma ban gyara masa ba.

Da muka isa ya ce kada mu shiga gari, mu zagaya ta yamma, inda tsohuwar hanyar shanu take. Na riƙe hannunsa muna tafiya a hankali. Hanyar tana nan, ta ƙara faɗi. Tsamiyar ce babu. Wani manomi da muka tarar yana noman firi, wato noman farko, ya ce ta daɗe da faɗuwa, ya nuna mana gurbinta, inda yanzu wata darbejiya ta girma. Na zaci Kawu zai ce mu koma. Sai ya ce to, mu yi da darbejiyar.

Daga nan ya mayar da ni idonsa. Ya dafa kafaɗata ya ce in gaya masa abin da ke cikin wayar, daga hagu zuwa dama. Na ce ga hanya a tsakiya. Ya ce in matsa dama har hanyar ta koma gefen hagu, don hanyar da ke tsakiya ba ta kai mutum ko'ina, tsaye take tana kallonka. Na matsa. Ya danna kafaɗata ya ce in durƙusa. Na durƙusa. Ya ce in ƙara. Sai ga ni da farar shadda, gwiwa a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, manomin nan ya jingina da fartanyarsa yana kallon ikon Allah. Ya ce in ɗaga kan wayar har ƙasa ta zama 'yar kaɗan, sama ta cinye sauran. Ya tambaya me ya rage a dama. Na ce dogon ƙarfen sabis na waya. Ya ce in juya kaɗan har ya fita.

Na ce, "Kawu, ai yana nan. In na cire shi kamar na yi mata ƙarya ne."

Ya ce, "Duk inda ka tsaya akwai abin da ka juya wa baya. Wanda ka ɗauka da azahar ma ka bar wasu abubuwan a waje, ba ka dai san ka bar su ba."

Sai ya nemi in zaunar da shi a kan kunyar gona, ya ce rana ba ta yi ƙasa yadda yake so ba, mu jira. A zaman jiran nan ne ya gaya mini abin da ban taɓa ji ba a gidanmu.

Ya ce hoton nan ba da damina mai albarka ya ɗauke shi ba, kamar yadda duk muka ɗauka. A shekarar fari ne. An yi shuka ta bushe, an sake ta bushe. Shanun mahaifinsu suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, rijiya ta koma laka. Aka aika masa Kano ya zo ya taya su kwashe kaya, za su koma Dutse wurin dangi. Mahaifiyata a lokacin yarinya ce, ita ce auta. Ranar tafiya ta rungume tsamiyar nan tana kuka, ta ce ba inda za ta, sai da aka ɓamɓare ta. Da aka ɗora kaya aka yi gaba, shi sai ya tsaya a baya da kyamarar maigidansa da ya aro.

Ya ce a daidai inda ƙarfen sabis yake yanzu, gawarwakin shanu ne a zube, har da wata saniya da ita autar take ba dusa da hannunta. Ya juya har suka fita. Gonakin kuma babu komai sai busasshiyar shuka, shi ya sa ya durƙusa, don kunyar gaba ta rufe su. A sama akwai ɗan gajimare fari, marar nauyi, irin wanda ya yi ta yaudararsu a shekarar. Da ya koma Kano ya wanke na farko, sai ya fito da gaskiyarsa: sama fara fat, ƙasa fara fat, kana gani ka san wurin ƙishi ne. Ya yaga shi. Ya sake sa wata takardar a ɗakin duhu, ya tare ƙasan hoton da tafin hannunsa, ya bar haske ya daɗe yana dukan saman. Ya yi ta gwadawa yana ɓata takardun maigidansa, har ɗan gajimaren nan ya yi baƙi, ya zama hadari. Wannan ne ya kai mata.

Ya ce kada in gaya mata. Ta rayu tana ganin ta bar garinsu ana shirin ruwa, a bar ta a haka.

Sai na yi ta kallon gabas. Can kuwa hadari na gaske ya fara haɗowa. Rana ta yi ƙasa ta bayanmu, haskenta ya kwanta a kan hanyar ta yi fari, darbejiyar ta yi duhu, sama ta yi baƙi. Na gaya masa. Ya ce ya ji a iska, in koma inda nake maza. Na durƙusa a gurbin gwiwoyina na ɗazu na yi ta ɗauka, har ɗigon farko ya faɗo a kan wayar.

Manomin ya saɓa fartanya ya ruga. Na kama hannun Kawu na ce mu yi sauri mu kai mota. Ya ƙi tashi. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ɗaga fuska sama.

Ya ce, "Bar ni kaɗan, ɗana. Ban taɓa ganin an yi ruwa a wurin nan ba tun ranar."

Na tsaya a kansa ruwa yana dukanmu. Tsoro nake ji kada sanyi ya kama shi ɗansa ya ce na kashe masa uba, amma ban iya ɗaga shi ba. Sai da ya gaji don kansa ya miƙo mini hannu.

Ban mayar da shi Kafin Hausa a ranar ba. Na kira ɗansa na ce Dutse za mu wuce, ya kwana biyu a wurinmu. Matata ta ba shi kayana ya sauya, ta dama masa kunu mai zafi. Washegari da hantsi na kai hoton shago. Na sa mai shagon ya mayar da shi baƙi-da-fari, na tsaya a kansa ina cewa ya ƙara duhu a sama, ya rage a hanya, har ya fara ƙosawa da ni. Na ce firam na katako nake so, ba mai ruwan zinare ba.

Da na dawo na tarar an kai Kawu ɗakinta, yana zaune a bakin gado, hannunta mai lafiya a cikin nasa. Na miƙa mata hoton. Wannan karon ba ta tambayi wane gari ba ne. Ta bi hanyar da yatsa tun daga ƙasa har zuwa bishiyar, ta tsaya a nan. Ta ce tsamiyar ta faɗi ke nan. Na ce ta faɗi. Ta ce Allah Sarki. Sannan ta tambaya ko wannan hadarin ya zubar, Kawu ya ce ya zubar, ai ga shi har mura ta fara kama shi.

Sai ta ce, "Gara wannan. Naka bai zubar ba, Yaya."

Kawu ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton ina tsaye. Na rantse masa ban faɗa ba.

Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini. Ai da idona a wurin. Na san abin da ke gefen hanyar nan, na san wadda ke kwance a ciki."

Ya tambaye ta me ya sa duk shekarun nan ba ta taɓa cewa komai ba. Ta ce shi me ya sa bai ce ba. Suka yi dariya su biyu, tata a karkace, tasa da hawaye. Daga baya ta ce, a hankali har sai da na matso, wancan da ta gani da idonta ba ta buƙatar a rataye mata shi, yana nan tare da ita ko ta so ko ta ƙi. Wanda ya kawo mata shi ne wanda za ta iya kallo da safe.

Na fita na bar su. Har la'asar ina jiyo muryarsa yana lissafo mata mutanen ƙauyen, wane ya rasu, wance tana nan, ita kuma tana gyara masa sunayen da ya manta. A ranar ta ci tuwo fiye da yadda ta ci a makonnin da suka wuce.

Ba zan ce muku sabon hoton ya maye gurbin tsohon ba. Ta sa na rataye su biyun, lalataccen a sama, nawa a ƙasa, kuma na lura idonta ya fi zuwa kan lalataccen. Kawu ya yi kwanaki a wurinmu ya koma. Ba su sake haɗuwa ba. Shi ya riga ta, ita kuma ta bi shi kafin wata daminar ta zagayo. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya haɗa su a inda babu ƙishi.

Har yanzu ina ɗaukar hoto, kuma har yanzu ban iya ba, in ban da durƙuso da na koya, wanda ya ci mini wanduna da dama. Amma tun daga lokacin, in na ga tsohon hoton wani wuri, dutse ne ko kogi ko ganuwa, ba na iya kallonsa kamar da. Sai in tsinci kaina ina tunanin wanda ya tsaya a wurin, me ke bayansa, me ke gefen damansa da ya juya ya bari, kuma wa yake so ya kai wa. A da ina ɗauka hoton wuri ba ya cewa komai tunda babu mutum a ciki. Yanzu na san akwai aƙalla mutum biyu a kowanne, wanda ya ɗauka da wanda aka ɗauka dominsa.

Abin da yake ci mini rai shi ne, a yinin nan duka, hotunan hanya da bishiya na cika waya da su, ban juya na ɗauki Kawu ko sau ɗaya ba. Yana zaune a kan kunya, hula a gwiwa, ruwa yana bin gemunsa, taku kaɗan daga inda nake. Ba ni da wannan sai a kaina, kuma ina jin yana ɗan dusashewa kowace shekara.

Hotunan biyu suna falona yanzu. Kwanakin baya ƙaramar 'yata, wadda ba ta riski Umma ko Kawu ba, ta hau kujera tana kallo, ta tambaye ni ina ne nan. Ban taɓa kwana a ƙauyen nan ba ko sau ɗaya, ba ni da ɗaki a can, in na je ma sai na yi bayanin ko ni jikan wane ne. Na ce mata garinmu ne. Ta ce yaushe za mu je. Na ce sai an fara ruwa.